Tukunyar aro ta ƙone, don Allah mi zan yi?

Wata 'yar uwa daga Mabera:
Assalamu alaikum uwayena da yayyena, don Allah a taimaka min da shawara hankalina a tashe yake. Suna munka yi ranar Asabar sai na aro babbar tukunyar dalma wurin maƙwabciyata anka yi dafa-duka a ciki, wuta ta yi yawa shinkafar ta kama, kuma ba irin ƙanzon da ake kankarewa a ci ba, baƙi ƙirin ne ya manne ma gindin tukunyar. Na jiƙa da omo ta kwana, na sa soson ƙarfe har yatsuna sunka yi tsami amma abin ko gezau, ga bayanta kuma duk baƙin itace. Matar nan tas ta ba ni kayanta suna walƙiya, wallahi kunyar maida mata haka nike ji.

Inna daga Runjin Sambo:
Wa alaikis salam ɗiyata, Allah shi raya abin da anka samu. Ki bar gurzar nan haka, tafasawa za ki yi. Zuba ruwa ya rufe wurin ƙunan, ki jefa ɗan guntun kanwa, ki maida bisa wuta ya tafasa kamar minti 20 sannan ki sauke ki bar shi ya huce da kanshi. Za ki ga baƙin yana ɗagowa ɓawo-ɓawo, sai ki sa mara ko muciya ki kankare. In bai fita duka ba ki sake.

Malamar makaranta daga Arkilla:
Inna ta faɗi gaskiya kanwa tana ɗaga ƙuna, amma 'yar uwa ki kula, wadda muke ce ma tukunyar dalma ɗin nan alminiyam ce, shi kuma alminiyam ba ya shiri da kanwa da toka da bekin soda in sunka daɗe a jikinshi, suna cin fuskar ƙarfen sai ki ga cikin tukunyar ya yi duhu ya dishe ko da ƙunan ya fita. To ki sa kaɗan, kuma kada ki bari ruwan kanwar ya kwana a ciki. Da kin kankare ki zubar, ki sa sabon ruwa da lemun tsami yankakke har ɓawon, ko tsamiya, ki sake tafasawa minti 10, tsamin ne ke dawo da hasken. Da a ce tukunyar silba ce irin wadda ba ta tsatsa, wannan ko kwana ta yi da bekin soda ba abin da zai same ta.

Inna daga Runjin Sambo:
Haka ne Malama, mu ma da tsamiya muke bi daga baya, na manta ban faɗa ba. Allah shi yi albarka.

Mai abincin saidawa daga Ƙofar Atiku:
Ni kullum cikin wankin tukwane nike, na bayan tukunya bai da wuya. Ki kwaɓa toka da ɗan rairai mai laushi da sabulun salo ki murza da guntun buhu, a waje kawai ba a ciki ba don rairai yana karce ciki, wurin da ya karce kuma nan abinci zai riƙa kamawa gobe. Gaba in za a ɗora bisa itace ki shafe bayanta da kwaɓaɓɓen sabulu ko laka tukuna, baƙin a kansu zai zauna, ruwa ɗaya ya tafi. Kuma don Allah a daina watsa ruwan sanyi cikin tukunya tana da zafi, gindinta yana lanƙwashewa ta daina zama daidai kan gas.

Ma'aikaciyar jinya daga Gawon Nama:
Abu ɗaya nake roƙo, kada wadda ta haɗa haifo, wannan ruwan bilicin na wanki, da lemun tsami ko binega wai don ya fi ƙarfi. Haɗin yana fidda iska mai guba, tana shaƙe mutum ta ƙona ido da maƙogwaro, balle gida da mai jego da jariri. Haifo ma ba ya fidda ƙuna, kuma yana ɓata alminiyam.

Amarya daga Gidan Igwai:
Anti ni kuma ta lefe ce irin nonstik ɗin nan mai baƙin rufi a ciki, madara ta kama a ciki, in wanke ta kamar ta dalmar?

Malamar makaranta daga Arkilla:
A'a amarya, ita ba ta son soson ƙarfe ko toka sam. Ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da bekin soda cokali 1, ki ɗan tafasa a wuta kaɗan, ya huce, ki goge da soso mai laushi. In kin ga baƙin rufin da ke cikinta ya fara ɓarewa da kanshi to ki ajiye ta, ba ta gyaruwa.

Wata 'yar uwa daga Mabera:
Na gode ƙwarai Allah shi saka. Malama lemun kamar guda nawa zan sa?

Malamar makaranta daga Arkilla:
Tunda babba ce sa 5 ko 6, ruwan kuma kada ya wuce inda duhun ya tsaya.