Daga ƙasa ya fito, a mayar da shi gona?

Injiniya: Jama'a, ga wata magana. A jihohin Illinois da Wisconsin na Amurka, rijiyoyi masu zurfi na fitar da ruwa mai radiyom, sinadari mai tururin nukiliya da ke cikin duwatsu tun asali. Doka ta hana ya wuce pikokuri 5 (ma'aunin tururin nukiliya ke nan) a litar ruwan sha, shi ya sa matatun ruwa ke cire shi, ya taru cikin lakar da ta rage. A Illinois an yarda a watsa lakar nan a gonaki bisa ƙa'ida. Ni ban ga aibu ba. Daga ƙasa ya fito, ƙasa aka mayar da shi.

Malama: Haba Injiniya! Daga zurfin ɗaruruwan mitoci ya fito, ka kawo shi inda garma ke bi, ka ce duk ƙasa ce? Radiyom-226 sai ya shekara 1600 kafin rabinsa ya ƙare. Jiki kuma ɗaukarsa yake kamar kalsiyam, ya kai shi ƙashi ya ajiye. Ana watsawa bana, a ƙara baɗi, wa zai riƙe lissafin gonar bayan jikokinmu?

Injiniya: Ai shi ya sa ake auna ƙasar, kuma akwai iyakar abin da za a ƙara mata. Malama, a tara shi a rami ɗaya ya fi haɗari, ga iskar radon mai tururin nukiliya da yake fitarwa. Kai shi ma'ajiyar sharar nukiliya kuwa kuɗi ne da ƙaramin gari ba zai iya ba, sai dai a ɗora wa masu biyan kuɗin famfo.

Ɗan Arlit: Mu da muka ga tulin sharar da COMINAK, ma'aikatar haƙar yuraniyom ta yankinmu a Nijar, ta bari da ta rufe a 2021, in aka ce mana "ana aunawa" sai mu yi shiru kawai.

Injiniya: Ɗan'uwa, sharar haƙar yuraniyom daban, lakar matata daban. Ko kusa ƙarfinsu bai zo ɗaya ba.

Ɗan Arlit: Na yarda. Ni mai awon nake tambaya, wa ke biyansa?

Malama: Mutanen garin Waukesha na Wisconsin, masu rijiyoyi masu radiyom, dai sun gaji da wannan lissafi. A 2023 suka koma shan ruwan tafkin Michigan ta bututu daga Milwaukee.

Injiniya: Su suna da tafki kusa, da kuɗin jan bututu. Garin da ba shi da ko ɗaya fa, Malama, ina zai kai lakarsa?