Kwana a kan dutse don hoton taurari: ina neman shawara

Ɗan Unguwar Rimi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da abokaina biyu muna shirin hawa dutse mu kwana a can, ni burina in ɗauki hoton taurari. A cikin Kaduna ko an ɗauke wuta, fitilun sola da na janareto ba sa barin mutum ya ga sama da kyau. Ina da ƙaramar kyamarar Canon ta hannu da gilashinta na 18-55. Muna tunanin Kufena ko Kagoro, a hutun ƙarshen Disamba, daidai farin wata don mu riƙa ganin hanya. Wanne ya fi, kuma me za mu riƙe?

Malamin jogarafi, Samaru: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin maganar dutse, lokacin da ka zaɓa shi ne matsalar. Farin wata yana dusashe taurari, manyan kawai za ka gani. Duba kalandar Musulunci ka nemi daren 28 ko 29, ko 1 da 2 ga wata. Hanya kuwa da rana ake hawanta, ku isa sama kafin la'asar sakaliya.

Sai hazo. A Disamba da Janairu ƙurar hunturu na rufe sama, wani daren ka ɗaga kai ka ga kamar an shafa toka. Kuma wannan farin zanen taurari mai kauri da kake gani a hotunan mutane, tsakiyarsa ba ta fitowa a Disamba sam, domin rana na wajenta a lokacin. A nan arewa dama biyu gare ka. Ko ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke, sama ta wanku, ka same ta kudu maso yamma da zarar an yi isha, amma ba ta daɗewa take faɗuwa. Ko Afrilu, wajen ƙarfe uku na dare zuwa asuba, in hadari bai taso ba. Ni Oktoba zan zaɓa.

In kuma Disambar ce dole, ba a rasa abin gani: kaza da 'ya'yanta na nan tsakiyar sama, kuma daren 13 zuwa 14 ga Disamba taurari masu wutsiyar wuta kan yi ta gilmawa. Sai dai ka roƙi Allah kada hazo ya sauka.

Kufena ba wuyar hawa, amma yana gefen Wusasa, hasken Zariya zai shiga maka hoto.

Mai hoton biki, Kawo: Malam ya gama magana kan lokaci. Kyamararka ta isa, kada wani ya ruɗe ka da sayen sabuwa. Abin da ba makawa shi ne ƙarfe mai ƙafa uku na ɗora kyamara, mai nauyi, don iskar saman dutse ba ta wasa. Juya kyamarar zuwa M, wato saitin hannu, gilashi a 18, buɗe shi iyaka wato 3.5, ISO, wato ƙarfin kama haske, 1600 ko 3200. Kada ɗaukar hoto ɗaya ta wuce daƙiƙa 15. Duniya na juyawa, in ka daɗe taurari za su zama layi-layi. Kashe saitin da take nemo abu da kanta, ka nufi tauraro mafi haske, ka girmama shi a allo, ka murza da hannu har ya zama ɗigo ƙarami. Sa mata jinkirin daƙiƙa biyu don kada yatsanka ya girgiza ta. Ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da za ka gyara daga baya. Batir biyu, ɗaya a aljihun ƙirji, sanyi na cinye caji. Ka sa wani abu a gaban hoton, ko dutse ko bishiya ko inuwar abokinka, in ba haka ba mutane za su ce baƙin ƙyalle ka yayyafa wa gishiri.

Anti daga Kafanchan: Ɗana, duk sun yi ta maganar sama, ba wanda ya yi ta ƙasa. Dutsen Kagoro yana da masu shi. Ba a zuwa da jaka da ƙarfe mai ƙafa uku a haye cikin dare ba sallama, a yanayin tsaron da muke ciki. Wani ya hango tocila a kan dutse ƙarfe biyun dare, me kake so ya zata? Ku fara zuwa wurin mai unguwa, ku faɗi ko ku su wane, ku nemi ɗan gari ya raka ku, ku biya shi hakkinsa. In ya ce ba a kwana yanzu, to ba a kwana. Kuma tafiyar safe za ku yi daga Kaduna, kada dare ya same ku a hanya.

Oktoban da Malam ya faɗa ciyawa ta yi tsawo, macizai na yawo. Takalmi rufaffe, dogon wando, ku kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. In an yi sara, ba tsaga ba tsotsa, sai asibiti.

Baban Khalifa: Ni dai tambayata, iyayenku sun sani? Taurarin nan fa daga saman bene ma ana ganinsu.

Ɗan Unguwar Rimi: Baba, Hajiya ce ma ta ce in tambayi manya tukuna. Anti na gode, mun ɗage zuwa Oktoba, kuma za mu fara zuwa gaisuwa. Abinci da ruwa fa?

Anti daga Kafanchan: Ruwa aƙalla lita uku kowanne, har da na alwala ku ƙara. Dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, burodi, shayi a filas. Rigar sanyi da bargo, kada zafin ƙasa ya yaudare ku. Ledar da kuka hau da ita ku sauko da ita.

Mai hoton biki, Kawo: Na manta, ɗaura jar leda a bakin tocilarka. Ido kan ɗauki kusan minti ashirin kafin ya saba da duhu, farin haske ɗaya ya mayar da kai baya. Kuma ka gwada saitin nan a tsakar gida tun yanzu, ba a kan dutse za ka fara laluben maɓalli ba. In ƙafa ukun ce babu, zo shago ka ara tawa, amma ban da Asabar, ina da biki.