Koyar da Turancin kimiyya ta hanyar ba ɗalibai matsala: wa ya taɓa gwadawa?

Malamar Turanci: Assalamu alaikum 'yan zaure. An haɗa ni da 'yan aji biyu na sashen nazarin ƙwayoyin cuta, su 140. Nahawu kam sun haddace, amma da ka ce su rubuta rahoton gwaji sai su kwaso na intanet. Ina so in gwada tsarin nan da ake fara ba ɗalibi matsala, darasi ya biyo baya. Ta ina zan kama?

Likitan zaure: Wa alaikumus salam Malama. Wurinmu aka faro shi ai, makarantar likitanci ta McMaster a Kanada, 1969. Amma ki nemi matakai bakwai na jami'ar Maastricht da ke ƙasar Holland, sun fi sauƙin bi. Na farkonsu ma naki ne: ɗalibai su fitar da kalmomin da ba su gane ba kafin a taɓa matsalar. Sai dai su can rukuni bai cika wuce mutum goma sha biyar ba, kowanne da jagoransa.

Malamin kimiyyar sinadarai: Ni dai shawarata, kada ki ɗauko matsala daga littafin Turawa. Bara na ba nawa labarin gubar dalma ta Zamfara ta 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Na ce kowane rukuni ya rubuta wa hukumar lafiya shafi biyu: yadda dalmar ke shiga jikin yaro, da abin da za a auna. Wata ɗaliba 'yar Anka, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ranar ita ta riƙe ajin. Da suka zo rubutu suka maƙale, su da kansu suka tambayi yadda ake faɗin sakamakon da ba a gama tabbatarwa ba. Da ni na kawo darasin a allo, rabinsu barci za su yi.

Malamar Turanci: To Malam, ni da ban san sinadarai ba fa? Kada yara su kunyata ni.

Malamin kimiyyar sinadarai: Ki jawo malamin sashen ku raba aiki. Shi ya duba gaskiyar kimiyyar, ke ki duba rubutun.

Farfesa mai ritaya: 'Yata, kar 140 su tsorata ki. Raba su goma-goma, shugaba da magatakarda su riƙa sauyawa duk mako. Kuma ki bar su su yi musu da Hausa, rahoton ne dole ya fito da Turanci. Hausar ma gada ce: "an tafasa ruwan, an tace" shi ne dai salon ɓoye mai aikatawa da ake rubuta sashen hanyar gwaji da shi.

Likitan zaure: Ranka ya daɗe, a nan muka rabu. Idan an bar Hausa a rukuni, yaushe bakinsu zai faɗa?

Farfesa mai ritaya: Ranar gabatarwa, Dakta. Kuri'a za a yi, ba wanda ya san shi zai tashi.

Malamar laburare: Hajiya, ki nuna musu Academic Phrasebank na jami'ar Manchester, wato shafin da ya tara jimlolin da ake amfani da su a rubutun ilimi da Turanci, kyauta ne, ko a waya yana buɗewa. Da jerin kalmomin Turancin ilimi da wata masaniyar harshe, Averil Coxhead, ta fitar a 2000, dangin kalma 570. Amma a ba kowa makin kansa ban da na rukuni, in ba haka ba mutum biyu za su yi aiki, takwas su sa suna.

Malamar Turanci: Allah ya saka da alheri. Zan fara da kwalara, tunda damina ta kusa. Malam, don Allah turo min takardar dalmar nan in ga yadda ka tsara tambayar.