Neman kalma: sashen da ba a kwantar da mara lafiya

Jama'a, ina fassara wata takarda kan horar da likitoci masu neman ƙwarewa a fannin cututtukan manya, sai kalma ɗaya ta tsayar da ni cak: outpatient. Wato sashen da ƙwararren likitan zuciya, ko na ƙoda, ko na ciwon suga, ke ganin mutanen da ba a ba su gado ba.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne "sha-ka-tafi". Tamu ce, kowa ya san ta. Amma da ka ce asibitin sha-ka-tafi, abin da Bahaushe ke hangowa shi ne ɗakin shan magani na unguwa, a ba ka na zazzaɓi ka kama gabanka. A nan kuwa ba tafiyar ce muhimmiya ba. Na taɓa raka gwaggona mai ciwon suga. Matashin likitan ya karɓi katinta, ya duba gwajin jinin da ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata 3, sannan ya ce, "Mama, cire takalmi in ga ƙafa." Ya bi tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya yana neman gyambo. Ya fita ya shawarci babban likita, ya dawo ya sauya ƙwaya guda, ya rubuta rana a bayan katin: "Ki dawo ranar nan, ko da kina jin garau."

Wannan "ki dawo" ita ce zuciyar aikin. Shi ya sa na tsaya a kan "je-ka-ka-dawo". Ai mun riga mun raba makarantar kwana da ta je-ka-ka-dawo, ba wanda ke neman ƙarin bayani. Sai mu ce sashen kwanciya da sashen je-ka-ka-dawo.

Ba ƙawa ce ta sa na damu da sunan ba. Tsarin horon nan ya samo asali ne daga asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, wanda aka buɗe a 1889, inda babban likita William Osler ya sa matasan likitoci zama a cikin asibitin, suna koyo a bakin gado. Daga zaman nan sunansu na Turanci, "residents", ya fito, kuma madalla da 'yan jaridarmu da suka ce "masu neman ƙwarewa" maimakon "mazauna". To amma wanda duk horonsa a ɗakin kwanciya ya ƙare, hawan jini zai sani bayan ya shanye ɓarin jiki ko ya kashe ƙoda. Shekarun da suka gabaci haka, lokacin da daidaita magani da rage gishiri za su iya tare ɓarnar, a sashen je-ka-ka-dawo ake ganinsu. Sashe irin wannan bai kamata ya zauna da haruffan OPD (gajarcen sunansa na Turanci) kawai a jikin allo ba, tsohuwa tana yawo tana tambayar masu gadi.

Wani ɗan'uwa ya ce mini "kilinik" ta wadatar. A baka na yarda, ana cewa "gobe ranar kilinik ɗina ce". Sai dai da ita ake kiran asibitin kuɗi na bakin titi, ko da akwai gadaje a ciki, don haka a rubuce tana rikita mai karatu.

Na rubuta "horo a sashen je-ka-ka-dawo na ƙwararru". Likitoci da malaman jinya, da 'yan'uwa na Maradi da Damagaram, ku gwada ta a baki gaban majinyata, ku faɗa mini yadda suka karɓe ta kafin in miƙa aikin.