Ritayar malami bayan shekara 60

Malamin Garuwa: Salam jama'a, babana na koyarwa a makarantar kudi ya wuce 60 har yanzu yana aji, shin karin shekarun nan zai kara masa fansho ne?

Hajiya Marwa: Wa alaikassalam dan uwa. In dai CNPS ce, wato hukumar fanshon ma'aikata ta Kamaru, wata 180 na biya yana ba da kashi 30 na matsakaicin albashi, kowace shekara a sama kuma ana kara kashi 1, kadan ne amma ya fi babu.

Dan Ngaundere: To amma fa sai in makarantar na zuba kudin da gaske, wasu suna cirewa a albashi ba sa kaiwa. Baba ya je ofis a duba masa watanninsa tun yanzu.

Malamin Garuwa: Na gode, gobe zamu leka insha Allah.