Neman kalma: me za mu kira "freshwater pearl mussel" da Hausa?

Malamin Kimiyya, Argungu: Jama'a, ina shirya wa 'yan aji darasi kan wata halittar ruwa da Bature ke kira freshwater pearl mussel, sunan ya cije mini. Ɓawo biyu gare ta masu buɗewa da rufewa, tana kafe a cikin tsakuwar koguna masu sanyi a Turai da gabashin Arewacin Amurka. Takan wuce shekara 100 a raye, babba ɗaya kuma tana iya tace ruwa har lita 50 a yini. Ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sa ta cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Da na ce katantanwa, sai hankalina bai kwanta ba.

Ɗan Kanta: Malam, katantanwa kam a'a. Waccan murɗaɗɗa ce, wadda muke murzawa a ƙasa tana juyi muna yara. Dodon koɗi ma tafiya yake yi da gidansa a baya.

Basarke daga Yawuri: Allah gafarta Malam, mu ƙumba muka ce mata. In ruwan Kwara ya ja baya za ka gan su a bakin yashi, baya baƙi, ciki na sheƙi. Kakata da ɓawon take kankare ƙanzon tukunya, har bakinsa ya cinye ya yi kaifi kamar aska.

Malamin Kimiyya: Madalla, Baba! To amma tamu ta Kwara 'yar'uwa ce kawai, jinsin ba ɗaya ba ne. Waccan tana da wani hali: 'ya'yanta, ƙanana kamar ƙura, dole su maƙale a jan naman da kifin salmon ko tirawut ke numfashi da shi, su yi watanni a nan kafin su faɗo cikin tsakuwa. In dam ya tare wa kifin hanya, haihuwa ta tashi a banza. In laka da takin gona suka gangaro suka toshe tsakuwar, ƙananan su shaƙe. Shi ya sa akwai kogunan da tsofaffi ne zalla a cikinsu, shekaru da dama ba sabon tashi.

Basarke daga Yawuri: Wannan kam mun san shi. Tun da aka datse ruwa a Kainji a 1968 iyayenmu ke cewa tafiyar kifi ta sake.

Hajiyar Birnin Kebbi: To ku ce ƙumbar lu'ulu'u mana, tunda "pearl" ɗin lu'ulu'u ne da ake samu a cikinta. Sai dai yaran yanzu in ka ce lu'ulu'u, daiman suke ji, alhali na cikin Suratur Rahman daga ruwa yake fitowa, tare da murjani.

Ɗan Kanta: Hajiya, ni sunan ne ma ke ba ni tsoro. Lu'ulu'un nan shi ya ja mata masifa: a fasa ɗaruruwa, a kashe su, a tashi hannu wofi, don ba kowace ke da shi ba. Sai a 1998 aka haramta kamun ta gaba ɗaya a Sikotilan ta Birtaniya, kuma har yau ana tsintar tarin ɓawon da ɓarayi suka bari a gaɓa. Ka koya wa yaron Argungu wannan suna, gobe ka same shi a kogin Matan Fada yana fasa tamu da dutse. Ni da "ƙumba mai tace ruwa" aka ce.

Hajiyar Birnin Kebbi: Ai dukkansu tace ruwa suke yi, ɗana. Sunanka bai raba ta da ta Yawuri ba.

Malamin Kimiyya: Hajiya ta fi mu gaskiya a nan. Zan rubuta "ƙumbar lu'ulu'u ta kogi", don a bambanta ta da ta teku, in kuma faɗa wa yara tun farko cewa ba ta zama a ruwanmu. Baba, in kana da mai shigowa Argungu, don Allah a riƙo mini ɓawo biyu in nuna musu a aji.

Basarke daga Yawuri: Sai ruwa ya ja, Malam. Yanzu duk suna ƙasa.