Yaya zan yi godiya alhali zuciyata ba ta bin bakina?

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Ni manomin citta ne a yankin Kachiya, kuma tun daminar 2023, lokacin da cuta ta ruɓar da citta a kudancin Kaduna, godiya ta yi mini nauyi. Duk inda na kafa fartanya a gonar nan, ruɓaɓɓiyar citta mai wari nake ɗagowa, ga bashin iri da na taki wanda har yau ban gama biya ba.

Ban daina addu'ar safe da iyalina ba. Na kuma bi shawarar wani dattijon ikkilisiyarmu, ina ambaton alherai uku kowane dare kafin in kwanta, amma a leɓe kawai suke tsayawa. Ranar godiyar kaka, da na ga jama'a suna rawa zuwa gaban majami'a da doya da dammunan dawa, ni kuwa ina riƙe da mudu biyu na masara, kunya da hassada ne suka cika mini zuciya, kuma wannan ya fi asarar tsorata ni.

Manzo Bulus ya ce a 1 Tasalonikawa 5:18 mu yi godiya cikin kowane hali. Shin godiyar da baki ya furta ba da yardar zuciya ba karɓaɓɓiya ce, ko kuwa munafunci ne? In ci gaba da ita haka, ko in fara kai kukana ga Ubangiji kamar yadda Dawuda ya yi a Zabura 13? Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, ina roƙonsa ya gaya mini abin da ya yi.